Gidan Umma a Cikin Lissafin Ruwa

Litinin, 2 ga wata, bayan la'asar

An kira mu ofishin Oga da safe, ni da Sarkin Shayi, abokin aikina, aka rufe ƙofa. Oga bai taɓa rufe ƙofarsa ba, ko faɗa yake yi a waya sai duk benen ya ji. Akwai baƙi biyu daga babban ofis, takalmansu na ƙyalli, ko amsa gaisuwarmu ba su yi ba. Sun ce an ga wani abu a jikin bangon dam. Ba zan rubuta abin da suka ce ba. Wanda ya shafe ni shi ne, dole a rage ruwan kafin damina ta kankama, don haka za a buɗe ƙofofin nan uku gaba ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka gina shi. Ruwan zai gangaro ta babbar magudanar siminti, ya bi ta Gwiwa, ya faɗa kogi.

Ɗayansu ya ce, "Injiniya, ki nuna mana a kwamfuta cewa magudanar za ta ɗauka." Bai ce in duba ko za ta ɗauka ba.

Gwiwa ita ce lanƙwasar da magudanar ta yi kafin ta isa kogi. A bayan bangonta unguwarmu take. Gidan Umma ne na uku daga bangon, a kansa muke shanya tabarmi muna yara.

An ce kada maganar ta fita. Lokacin da ake faɗin haka ni Oga yake kallo.

Talata, 3 ga wata, da hantsi

Umma tana ce wa aikina wasan ruwa a talabijin, kuma ba ta yi nisa da gaskiya ba. Ina zana magudana a kwamfuta, in yanyanka cikinta ƙananan akwatuna kamar ƙwayoyin sukari, miliyoyinsu, in gaya wa na'ura ina ne ƙasa da irin ƙarfin da ƙasa ke jan abu, sai in zuba ruwa daga sama in sake shi. Ita kuma ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya tana lissafa inda zai faɗa. Ruwa ba shi da wata dabara, gangara kawai ya sani. Amma kafin tsohuwar na'urarmu ta lissafa gangarar daƙiƙa guda, na sha shayi, na yi salla, na dawo na same ta tana nishi.

Oga ya ce kada in ɓata lokaci da sabon zane. Ya ba ni nasa, wanda ya yi tun ina jami'a, wanda ya hau da shi kujerar da yake kai. Ya ce, "Ƙara yawan ruwan kawai ki sake shi. An gwada shi, an yaba." Na ce to, ranka ya daɗe.

Alhamis, 5 ga wata, da azahar

Ya fito. A kwamfutar ruwan ya taho a guje, ya shiga Gwiwa, ya hau bangon waje, ya tsaya daidai bakin bangon, ya wuce abinsa. Ko ɗigo bai tsallaka ba. Sarkin Shayi ya ce in kawo kofina, yau mai madara zai haɗa min. Oga ya yi hamdala ya shafa fuska.

Na kira Umma don in ji muryarta kawai. Ta ce ƙafar ce dai ta hana ta sakat, sai kuma akuyar Maman Tagwaye, maƙwabciyarta, da ta shigo ta cinye mata sabulu. Na yi ta dariya fiye da yadda labarin ya kai, har ta ce, "Auta, lafiyarki kuwa?"

Alhamis, da yamma

Daidai bakin bango. Me ya sa daidai?

Juma'a, 6 ga wata, da safe

Na sake kallonsa a hankali. Saman ruwan a Gwiwa a shafe yake sumul, kamar magini ya bi ta kansa da cokali. Ruwan da ya taho da wannan gudun ba shi da irin wannan ladabin. Na kunna launin da ke nuna matsi, sai ga jan layi ya kwanta a saman lanƙwasar daga farko har ƙarshe. Ruwan yana dukan wani abu a sama.

Na buɗe tsarin zanen na bi shi layi-layi. Oga ya yanke akwatin lissafinsa daidai tsayin bangon, ya kuma gaya wa na'ura cewa saman ma bango ne. Murfi ya sa wa magudanar. Na gane dalilinsa: na'urar wancan lokacin ta fi wannan mutuwar zuciya, kowa yana rage abin da zai iya ragewa, kuma da ƙofa ɗaya ruwan ko rabin bangon ba ya kaiwa, ba wanda zai lura. Amma da ƙofa uku, ruwan bai tsallaka ba ne saboda ba a bar masa inda zai tsallaka ba.

Na je banɗaki na kulle, na tsaya riƙe da famfo har Sarkin Shayi ya ƙwanƙwasa yana tambaya ko na faɗa ciki ne.

Asabar, 7 ga wata, da rana

Ni kaɗai a ofis. Na cire murfin, na ɗaga saman, na shimfiɗa ƙasar da ke bayan bangon. Kowane gida na ƙara, lissafin zai ƙara nauyi, ni kuma ba ni da lokaci. Sai na bar unguwar fili fetal, na sa gida ɗaya tak don in auna zurfin ruwan da shi.

Ban buƙaci awo ba. Na san tsayin tagar ɗakin Umma, a kanta nake ɗora haɓata in leƙa ko Baba ya dawo. Akwati ne kawai ruwan toka, da taga ɗaya, ba ƙofa, tunda lissafi ba ruwansa da ƙofa. Na saki.

Lahadi, 8 ga wata, bayan magariba

Na je gida. Na tarar da Yaya a kan tsani yana gyara wa Umma indararo. Na yi ta satar kallon bangon magudanar ta saman katanga. Ashe gajere ne haka? Muna yara gani muke ya kai sama.

Na ce, "Umma, ki zo wajena ki yi sati biyu mana, a duba ƙafar nan a asibitin da ke kusa da ni."

Ta ce, "Ɗakin naki da ke hawa na uku? Da wace ƙafar zan hau, taki?"

Yaya ya ƙyalƙyale da dariya daga kan tsani. Ni ma na yi. Ban faɗi dalilina ba, ai ba ni da tabbas tukuna. Wataƙila ma ba komai.

Litinin, 9 ga wata, da hantsi

Lissafin ya tarwatse. Ruwa ya tashi sama kamar hayaƙi, lambobi suka haukace. Na ƙanƙanta takun lokacin da na'urar ke lissafi da shi, na sake daga farko. Na zagi na'urar nan zagin da Umma ba ta san na iya ba.

An yi yayyafi.

Laraba, 11 ga wata, da safe

Ya fito.

Ruwan ya hau bangon bai ko tsaya ba. Ya zubo ta baya, ya bazu a filin, ya sami akwatin ya raba biyu ya kewaye shi, sannan ya fara hawa. Ya kai taga. Ya rufe taga.

Na mayar da shi baya na sake kallo. Na sake. Kamar in na yi ta kallo zai gaji ya canza hanya.

Laraba, bayan la'asar

Na nuna wa Oga. Na fara da murfin, don ban san yadda zan lulluɓe shi ba. Ya daɗe yana kallon layin da ya rubuta da hannunsa. Ya ɗauki kofi, shayin ya zuba a kan takardunsa, bai goge ba.

Ya ce, "Wa ya gani?"

Na ce, "Ni kaɗai."

Ya ce, "Akwatunanki sun yi girma a wajen bakin bangon. Ƙanƙanta su ki sake. In amsa ta zo ɗaya, sai mu yi magana."

Abin haushin shi ne yana da gaskiya. Ƙa'idar aikinmu ke nan, ba a yarda da amsa sai an rage girman akwatuna an ga ba ta sauya ba. Ni ma haka zan ce wa wani. Amma zai ci kusan mako guda.

Ina ƙofa ya ce, "Wancan gidan wa ye?"

Na ce, "Akwati ne kawai, Oga."

Juma'a, 13 ga wata, da safe

Ko a gida ƙarar fankar na'urar nake ji.

Asabar, 14 ga wata, da yamma

An tafka ruwa tun azahar. Duk ɗigon da ya faɗi a kan tuddai, bayan dam zai je ya tsaya, kusa da abin nan da aka gani a bangonsa. Umma ta kira tana murna, wai indararon Yaya ya yi aiki, ta cika randa da baho. Saura kaɗan in faɗa mata. Na ce ta dinga shafa maganin ƙafa.

Ina jin tsoro. Ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da aka fita da gawar Baba.

Talata, 17 ga wata, da azahar

Amsa ta biyu ta fito. Ɗaya ce da ta farko, har ta ɗara ta da kamar taƙi guda. Oga ya sa hularsa ya ɗauki bidiyon ya tafi babban ofis da kansa. Sarkin Shayi ya gani ta bayan kafaɗata, tun daga nan bai sake yin barkwanci ba.

Laraba, 18 ga wata, bayan la'asar

Oga ya dawo kamar wanda ya tashi daga jinya. Za a buɗe ranar Litinin da hantsi, duka ukun. Ƙofa biyu ba za su rage ruwan da wuri ba, kuma in abin nan ya riga su, ba unguwa ɗaya ake magana ba. Wannan na yarda. Na ce to sanarwa fa? Ya ce ana duba yadda za a fitar da ita ba tare da an tada hankalin gari ba, domin in aka ce mutane su tashi za su tambayi dalili. Za a jera buhunan yashi a kan bangon.

Na ce, "Buhunan yashi, Oga? Ka ga gudun ruwan nan fa."

Ya ce, "Na gani." Ya rage murya. "Ki ɗauke mahaifiyarki. Ni ban ce miki komai ba."

Alhamis, 19 ga wata, bayan magariba

Na tafi da laftof ɗin ofis gida. Na zaunar da Umma da Yaya a tsakar gida, na faɗa musu abin da zan iya faɗa, na kunna.

Yaya ya yi salati. Umma ta matso da fuskarta ta ƙura ido.

Ta ce, "Wannan abin fa?"

Na ce, "Gidanki ne."

Ta ce, "To ina na Maman Tagwaye? Ina shagon Baba Tela? Ina gidan masu haya, da yaran nan birjik?"

Na ce, "Ban zana su ba, Umma, na'urar ba za ta iya ba. Ki tashi ki haɗa kaya, Yaya zai goya ki har hawa na ukun."

Ta ce, "Shi ruwan ya san ba ki zana su ba?"

Sai raina ya ɓaci, don ni da tsoro da faɗa tare suke zuwa min. Na ce an hana ni magana, aikina zai tafi, za ma a iya rufe ni, na shafe sati biyu ban yi barcin kirki ba saboda ita, ita kaɗai. Har ihu na yi mata, abin da ban taɓa yi ba.

Ta bari na gama. Ta ce, "Na ji, Auta. Amma mutanen nan su suka ɗauki gawar babanku. Ba zan sulale in bar su suna shanya ba. Ko ki faɗa musu, ko ki bar ni a cikin akwatin naki."

Ta ci gaba da ninke wanki. Yaya ya raka ni titi har bakin mota. Ya ce, "Kin san ta dai."

Juma'a, 20 ga wata, da yamma

Ba sanarwa. Na bi ta gada na leƙa. An jera buhunan, layi ɗaya, yara suna tsalle a kai.

Na rubuta abin da zan ce na yaga.

Asabar, 21 ga wata, bayan isha'i

Na yi.

Bayan la'asar Yaya ya zagaya gida-gida, aka taru a ƙofar shagon Baba Tela. Na ɗora laftof a kan teburin yankansa. Ban ambaci abin da ke jikin dam ba. Na ce za a buɗe ƙofofi uku ranar Litinin, ga kuma abin da lissafi ya nuna.

Da farko dariya aka yi. Wani ya ce wannan ai katun ne na yara. Wani ya ce shekara nawa magudanar nan tana nan, ko bakin ƙugu ruwanta bai taɓa kaiwa ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai Baba Tela ya gyara tabarau ya ce, "'Yar nan, ina shagona a nan?"

Na ɗora yatsa a kan filin, inda ba komai sai shuɗin ruwa. Na ce, "Nan, Baba."

Maman Tagwaye ce ta fara magana. Ta ce, "Ƙarfe nawa kika ce?"

Na ga wani saurayi yana ɗaukata a waya. Ban hana shi ba, aikin gama ya gama. Yaya ya tafi neman babbar mota, wasu suka hau tudu wajen hedimastan makaranta don ya buɗe musu azuzuwa.

Lahadi, 22 ga wata, da azahar

Oga ya kira ya kira, ban ɗauka ba.

Tun safe ake kwasar katifu da tukwane. Baba Tela ya rantse ba inda za shi, sai Yaya ya sungumi keken ɗinkinsa ya sa a mota, ya biyo baya yana masifa. Umma ce ta ƙarshe. Ta share tsakar gida tas, ta kulle ƙofa, ta ƙulle makullin a bakin zaninta.

Yanzu wani tsoron ne ya kama ni. In ruwan bai tsallaka ba fa? In na yi kuskure a wani layi, kamar yadda Oga ya yi? Na tashi unguwa guda da tsofaffi da masu ciki saboda hoto. In kuma ya tsallaka, gidajensu sun tafi. Na ɗaga hannu zan yi addu'a, na rasa wanne zan roƙa.

Lahadi, da yamma

Mota mai lasifika ta shigo unguwa tana cewa jama'a su ƙaurace wa Gwiwa. Bidiyon ya zagaye gari, shi ya sa. Ba ta tarar da kowa ba sai kaji.

Litinin, 23 ga wata, bayan azahar

Daga filin makarantar ana hango Gwiwa. Muka tsaya a bakin wayar shinge, kowa da kowa.

Ƙarar ce ta fara zuwa. Lissafina ba shi da sauti, ban taɓa tunanin sautin ba. A ƙafafuna na ji shi kafin kunne. Kuma ba shuɗi ba ne, ja ne, da itatuwa a ciki.

Ya shiga Gwiwa, ya hau bangon, bai ko tsaya ba. Buhunan suka tafi kamar ba a taɓa ajiye su ba. Ya sami gida na farko, na biyu, na uku. Ya raba biyu ya kewaye shi. Na san abin da zai biyo baya, na gan shi ya fi a ƙirga, amma ban iya kau da kai ba. Ya kai taga.

Wata ta rungume ni tana kuka tana sa min albarka. Na ƙwace na zagaya bayan aji na yi amai.

Hedimasta ya bi azuzuwa yana kiran gida-gida. Kowa ya amsa. Har akuyar.

Laraba, 25 ga wata, da hantsi

Ruwan bai janye ba, an ce sai an rufe ƙofofin. Yaya ya je kusa ya dawo. Bangon ɗakin Umma ya zauna, rufin ya bi shi. Ya faɗa min a waje, amma ta karanta a fuskarsa.

Jiya Oga ya zo. Ya durƙusa ya gaishe da Umma, ya daɗe a durƙushe. Ni bai ce min komai game da aiki ba, ni ma ban tambaya ba. Ya dai kalli laftof ɗin, ya tafi ya bar shi.

Ɗazu ina zaune kusa da tabarmarta a ƙarƙashin allo, ta ce, "Auta, kunna min talabijin ɗin nan naki."

Na ce, "Umma, me za ki gani kuma?"

Ta ce, "Kunna dai."

Na kunna. Ruwan ya fara gangarowa. Ta ce, "A'a. Mayar da shi farko, kafin ya zo. Tsayar da shi nan."

Na tsayar. Magudana a bushe, fili a bushe, akwatin yana tsaye shi kaɗai da tagarsa. Ta daɗe tana kallo, hannunta a kan ƙullin bakin zaninta.

Ta ce, "Ba ki sa masa ƙofa ba."

Na buɗe baki zan ce lissafi ba ruwansa da ƙofa, sai na fasa. Na buɗe zanen na fara ja mata layi.

Ta ce, "Ba nan ba. Matsa hagu kaɗan. Babanku a karkace ya sa ta."

Na matsa hagu.